Bikin yaye ɗalibai a jami'o'in Sudan da mai jawabin ɗalibai

Bikin yaye ɗalibai, wanda a Sudan ake ce ma takhrij, taro ne da ake yi in ɗalibai sun gama karatun digiri, a sa musu doguwar riga da hula a kira su ɗaya bayan ɗaya gaban iyaye da malamai. Jami'ar da ta fi tsufa a ƙasar ita ce ta Khartum, ta faro daga kwalejin Gordon ta 1902 ta zama jami'a a 1956, sai Jami'ar Afirka ta Duniya da 'yan Najeriya da Nijar suka fi sani, da ta Jazira a Wad Madani da Ahfad ta mata zalla a Omdurman.

Galibi biki biyu ne. Akwai na hukumar jami'a, akwai kuma wanda 'yan aji ɗaya, wato dufa'a, suke haɗa kuɗi su kama hol su shirya da kansu, kuma gaskiya shi ya fi armashi. Kafin ranar ana yin daren lalle har maza ma a sa musu a hannu kamar angwaye, ranar kuma kowa da waƙar da ya zaɓa za a sa mai ya taho da mahaifiyarsa mata na ta rangaɗa guɗa, iyalai Hausawa daga Maiurno ko Gadarif sai su cika mota su taho saboda ɗa guda.

Mai jawabi a madadin ɗalibai shi ne inda ake ɗan kai ruwa rana. A Amurka yawanci wanda ya fi maki ake ba, ko da yake jami'ar Harvard gasa take sawa har da jawabi da Latin. A bikin dufa'a kwamitin ɗalibai ne ke zaɓa, kuma baki ake dubawa fiye da maki, wanda Larabcinsa ya nuna, ba ya in'ina gaban makirufo, zai iya jawo aya da baitin waƙa ya gode ma iyaye da malamai ba tare da ya cinye lokaci ba. Wani na ɗaya ne a aji amma in ya riƙe makirufo sai gumi, to ba a ba shi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe jami'o'in Khartum, ɗalibai suka watse, wasu ta intanet suka ƙarasa karatun.