Hayar mota da tuƙi a ƙasar waje

Hayar mota a ƙasar waje ita ce baƙo ya karɓi mota daga hannun kamfani bisa rubutacciyar yarjejeniya, ya tuƙa da kansa na wasu kwanaki, sannan ya mayar. Ta sha bamban da shatar da aka saba da ita a garuruwanmu. Mutumin Ringim ko Ɗambatta da zai kai amarya tasha yake zuwa, ya yi ciniki da ɗan kamasho, mota ta zo da direbanta. In taya ta fashe ko an goge motar wani, direba da mai mota ne za su ji da abin. A can kuwa mabuɗi kawai ake miƙa wa mutum, duk abin da ya biyo baya a wuyansa yake.

Sana'ar ta haura shekara ɗari. Kamfanin Sixt ya fara a Munich ta Jamus a 1912, wanda ya zama Hertz ya fara a Chicago a 1918, Avis kuma ya buɗe a 1946 a filin jirgin sama kusa da Detroit. Har gobe a filin jirgi mafi yawan baƙi ke karɓar mota.

Lasisi

Matakin farko shi ne lasisin gida wanda bai ƙare ba. A Najeriya Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga shi tare da haɗin gwiwar jihohi. Direbobi da yawa a karkara sun ƙware ne ta hanyar zama yaran mota, hannunsu ya faɗa sosai, amma kamfani takarda yake dubawa.

Sai lasisin ƙasa da ƙasa, ɗan littafi mai ɗauke da bayanan direba cikin harsuna da dama. Ya samo asali daga yarjejeniyoyi uku: ta Paris a 1926, ta Geneva a 1949, da ta Vienna a 1968. Na tsarin Geneva shekara ɗaya yake yi, na Vienna kan kai uku. Ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a nuna shi tare da na gida, kuma tun a gida ake yinsa kafin tafiya. Birtaniya na barin baƙo ya yi tuƙi da lasisin ƙasarsa har wata 12. Sin ba ta karɓar na ƙasa da ƙasa, sai an nemi izinin wucin gadi a can, shi ya sa ya fi wa ɗan kasuwar da ya je saro kaya Guangzhou sauƙi ya hau tasi ko jirgin ƙasa.

Kuɗi da yarjejeniya

A nan aka fi yin asara. Yawancin kamfanoni na neman direba ya kai shekara 21, wanda bai kai 25 ba kuma a ƙara masa kuɗi. Ana riƙe kuɗin ajiya a katin banki mai sunan direban, kuma sun fi son katin bashi. Mafi yawan katunan da ke hannun mutanenmu na cire kuɗi ne, saboda haka wajibi ne a tambaya tun kafin a bar gida, kada a isa a ƙi bayar da mota.

Inshora na buƙatar karatun tsanaki. Wadda ke zuwa da farashin haya ba ta ɗauke asara gaba ɗaya. Akwai kason farko da mai haya zai biya daga aljihunsa, sau da yawa kuma taya, gilashi da ƙasan mota ba sa ciki. Wani sharaɗi da ke cin karo da al'adarmu shi ne wanda aka rubuta sunansa kaɗai ke da ikon taɓa sitiyari. A gida in Alhaji ya gaji sai ya ce wa ƙaninsa, "Karɓi tuƙin nan." A can in aka yi haka haɗari ya auku, inshora ba za ta biya ba, sai dai mai haya ya biya lakadan. Rubuta direba na biyu tun farko ya fi araha nesa ba kusa ba.

Kafin a tayar da mota, direba ya zagaya ta da wayarsa a hannu: ya ɗauki hoton kowane ƙarce da lotsawa, ya durƙusa ya duba tayoyi, ya ɗauki allon da ke nuna mai da nisan tafiya, ya buɗe murfin tanki ya karanta fetur take sha ko dizal. An fi bayar da mota da cikakken tanki, a mayar da shi cike.

Hannun tuƙi

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, daidai da Nijar, Saudiyya, Masar, Turkiyya da Amurka. Birtaniya, Indiya, Malesiya, Kenya, Afirka ta Kudu da Japan hagu suke bi. A motocinsu sitiyari na dama, da hagu ake sa giya, amma kuloci, birki da totur suna nan a jerin da aka sani. Hatsarin yana wajen fitowa daga gidan mai ko karya kwana a hanyar da babu kowa, lokacin da hannu ke komawa ga abin da ya saba. A shataletale kuma ta hagu ake shiga, a ba na dama hanya. Birtaniya da Amurka da mil suke auna gudu, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 70 na manyan titunan Birtaniya kusan kilomita 113 ke nan.

Tara da kuɗin hanya

Sau da yawa babu jami'in da za a roƙa, kyamara ce ke aikin. Saudiyya ta fara tsarin Saher a 2010, mai kama gudun wuce kima da ƙetare danja. Dubai na cire kuɗin hanya ta wani tsari mai suna Salik tun 2007, Landan kuma na cajin shiga tsakiyar gari tun 2003. Takardar tara kamfani take zuwa, shi kuma ya cire daga katin mai haya har da ladan aikinsa, ko da mutum ya daɗe da dawowa Gumel.

Ga mai Umara, motar haya na da amfani in iyali na da yawa kuma ana son zuwa Ɗa'ifa ko Jidda. Amma tsakanin Makka da Madina akwai kimanin kilomita 450, kuma wanda ya kwana yana ɗawafi bai kamata ya kama wannan hanya da gyangyaɗi a ido ba. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana haɗa biranen biyu cikin kusan awa biyu da rabi.