Tsoron fita da shiga jama'a: tambayoyi kan cutar agorafobiya

Mece ce wannan cutar?

Nau'i ce ta ciwon fargaba. Abin da ke tsorata mai ita shi ne firgici ya auka masa a inda ba zai iya ficewa da sauri ba, ko inda babu mai kawo masa ɗauki. Wani likitan Jamus, Carl Westphal, ne ya fara bayyana ta a 1871. Ta fi kama mata, kusan ninki biyu, kuma yawanci takan fara kafin shekara 35.

Yaya likita ke tabbatar da ita?

Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 ya ce sai tsoron ya shafi aƙalla biyu cikin yanayi biyar: hawa motar haya ko jirgi, buɗaɗɗen fili, rufaffen wuri kamar shago, layi ko cunkoso, da fita daga gida shi kaɗai. Sannan ya kai wata 6 yana hana mutum harkokinsa. Kafin a yanke hukunci akan duba zuciya, ƙarancin jini da sinadarin tayirod (wanda wata gaɓa a wuya ke fitarwa), domin su ma suna kawo faɗuwar gaba.

Abin damuwa, matar da ba ta cika fita ba takan yi shekaru da cutar ba a sani ba, ana cewa kunya ce ko natsuwa.

Me ya sa take ƙaruwa?

Saboda gudu. Firgici yakan zo da bugun zuciya, gumi, jiri da sarƙewar numfashi, ya kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, ya sauka da kansa. In mutum ya fice a tsakiya, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ficewar ce ta cece shi. Yau kasuwa ce, gobe gidan biki, jibi ƙofar gida ma ta gagara.

Tana warkewa?

Ƙwarai. Maganin da ya fi aiki shi ne tunkarar abin tsoron mataki-mataki tare da ƙwararre. Ana rubuta wuraren, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 10, a fara da mai 3 ko 4: misali tsayawa bakin layi. A zauna har tsoron ya ragu sosai, a maimaita kullum, sannan a hau na gaba. Da ɗan rakiya tukuna, daga baya shi kaɗai.

Inda ake samun matsala: tsallake matakai, barin kwanaki tsakani, da dogaro da dabarun kariya kamar zama kusa da ƙofa ko riƙe waya a kunne. Waɗannan suna hana mutum gane cewa shi ne ya jure. 'Yan uwa ma, don tausayi, sukan ɗauke masa duk wani aike, cutar ta ƙara samun gindin zama.

Ƙwayoyi fa?

Likita na iya rubuta irin su sertraline. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, fargabar takan ɗan ƙaru a farko, kuma ba a daina su farat ɗaya. Diazepam kuwa yana kwantar da hankali nan take, amma jiki na sabawa da shi. Kada a saya a kemis. A rage goro, kofi da lemon ƙara kuzari.

Ina za a je?

Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a Sakkwato.