Rumfunan zaɓe da masu buƙata ta musamman a Najeriya

Rumfar zaɓe ita ce inda ake tantance mai zaɓe, a ba shi takarda ya dangwala, ya jefa a akwati. A 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta ƙara yawan rumfunan Najeriya daga 119,973 zuwa 176,846. Galibinsu ba gini aka yi musu na musamman ba. Harabar firamare ce, ko gindin bishiya, ko bakin titi. Shi ya sa samun damar yin zaɓe ga makafi, guragu, kurame, kutare da zabaya ya dogara da yanayin wurin da kuma kayan da suka iso ranar zaɓe.

Abin da doka ta tanada

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashenta na 29 ya wajabta a ba su damar yin zaɓe cikin sirri. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ɗora wa INEC alhakin samar da kayan taimako, ya kuma ba mai naƙasa damar zuwa da mataimakin da ya zaɓa da kansa. Ƙa'idojin hukumar sun hana wakilin jam'iyya, jami'in zaɓe ko jami'in tsaro zama wannan mataimakin. Ana kuma shigar da masu naƙasa gaban layi, tare da tsofaffi da masu juna biyu.

Hanyar isa akwati

Nan matsalar ta fi yawa. Keken guragu ba ya tsallake kwata, kuma tayoyinsa na gaba nutsewa suke yi a yashi. Barandar aji mai tudun santimita 30 ta isa ta tsayar da mutum yana kallon akwati. Ma'aunin da magina suka saba bi shi ne kowane santimita 1 na tudu ya sami santimita 12 na gangare, wato baranda irin wannan tana buƙatar gangare mai tsawon mita 3.6, faɗinsa kuma kada ya gaza santimita 90. Falankin da ake jinginawa cikin gaggawa yakan yi tsaye da yawa, keke ya kife da baya. Sau da yawa maganin bai kai nan ba: sauko da teburi da akwati ƙasa, a fili mai tauri da inuwa, ya wadatar.

Teburin dangwalawa ma an yi shi ne domin mai tsayuwa. Wanda ke zaune a keke, ko mai tafiya da hannu a ƙasa, yakan ƙare da dangwalawa a kan cinyarsa, wakilan jam'iyyu suna leƙe. Ɗaukar mutum cak a haye da shi matakala, ko da da kyakkyawar niyya, yana iya kayar da shi, kuma da yawa ba sa so.

Kayan taimako

Makafi suna da jagorar Braille, wani kwali da ake zura takardar ƙuri'a a ciki, mai tagogi daidai gurbin kowace jam'iyya da sunanta cikin haruffa masu tudu. Idan takardar ta goce kaɗan, dangwalen zai faɗa kan layi ko gidan wata jam'iyya, don haka dole jami'i ya daidaita ta kafin ya ja baya. Sai dai makafi da yawa ba su yi karatun Braille ba, sai su koma ga ɗan jagora, sirrin ƙuri'a ya zama amana tsakanin mutum biyu. Zabaya da masu raunin gani ana ba su gilashin ƙara girman rubutu, kuma sun fi kowa buƙatar inuwa, domin rana tana ƙona musu fata. Kurame ana manna musu takardar bayanin matakai mai hotuna. Ba kasafai ake samun tafinta a rumfa ba, kuma maganar hannu ta kuramen ƙasar Hausa ta bambanta da wadda ake koyarwa a makarantu.

Na'urar BVAS, wadda ake tantance masu zaɓe da ita a rumfa, tana aiki da yatsa ko da fuska, abin da ya sauƙaƙa wa kutare da waɗanda suka rasa yatsu.

Rabon kayan taimakon ya dogara da rajista. Kafin zaɓen 2023, INEC ta ce mutum 85,362 ne suka bayyana naƙasa cikin masu rajista sama da miliyan 93. Wanda ba a rubuta naƙasarsa ba, rumfarsa ba ta cikin lissafi, shi ya sa gilashi kan je inda makaho yake, Braille ya tafi wata mazaɓa.

Tsaro

Hana zirga-zirgar ababen hawa ranar zaɓe yana tilasta wa mai nisa tafiya a ƙasa, kuma ba kowane shingen jami'an tsaro ke barin Keke Napep ɗin da ya ɗauko gurgu ya wuce ba. Idan 'yan daba suka tarwatsa rumfa ko aka harba barkonon tsohuwa, kurma ba ya jin gargaɗi, makaho ba ya ganin mafita, mai sanda kuma shi ake fara bangajewa. Saboda haka ya kamata a sallami masu naƙasa tun buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe, kafin a cika, a kuma bar hanyar fita ɗaya wadda babura da benci ba su tare ba.