Feshin Fenti a Jikin Jitar da Ka Haɗa da Kanka: Amsoshi ga Masu Yawan Tambayata

Tun da na fara haɗa jita a shagona da ke Sabon Garin Zariya, samari ke zuwa da tambayoyi iri ɗaya, har bakina ya gaji. Ga amsoshin a rubuce, wanda ya sake tambaya zan turo shi nan.

Malam, zan iya feshi a cikin ɗakin kwanana?

A'a. Fentin nitiro, wato fenti mai saurin bushewa da ake fesa wa jita, da tina, ruwan da ake tsinka shi da shi, wuta suke kamawa kamar fetur, tururinsu kuma huhu yake ci. Nesa da murhu, nesa da janareta, nesa da mai shan sigari. Takunkumin ƙyalle ba ya tare komai, nemi mai matatar gawayi.

Fentin gwangwani zai yi, ko sai da kwamfuresa?

Zai yi. Kada rashin bindigar feshi ya karya maka gwiwa. Girgiza gwangwanin minti 2 cur, ka riƙe shi nesa da katako kamar santimita 20 zuwa 25.

Fentin mota fa?

Kamfanin Fender da kansa da launukan mota na DuPont ya yi wa jitocinsa ado a shekarun 1950 da 1960. Abin da na hana shi ne gauraye. In ka fesa nitiro a kan fentin mai, sai na ƙasan ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Gwada a guntun katako tukuna.

Me ya sa nawa ya yi hawaye?

Don ka yi gaggawa, shi ke nan. Kuna son jita ta yi ƙyalli a shafi ɗaya, sai ku tsaya wuri guda kuna danna kan gwangwani. Shafi siriri, a jira minti 20 zuwa 30, a ƙara, kada a wuce 3 a yini. Inda ya zubo ka bar shi ya bushe sarai, ka goge da sanfefa mai lamba 400 (lamba na ƙaruwa, sanfefa na ƙara laushi). Kada ka sa yatsa, don Allah.

Wane lokaci ya fi dacewa da feshi a nan Zariya, damina ko hunturu?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Kowanne da nasa sharrin. Da damina, musamman watan Agusta, iska cike take da laima. Tina na ƙafewa da sauri, yana sanyaya fuskar fentin, sai raɓa ta maƙale a ciki, jitar ta yi fari-fari kamar an shafa mata madara. In ya same ka kada hankalinka ya tashi, sau da yawa yana gyaruwa, domin sabon shafin nitiro yana narkar da na ƙasa, laimar ta fice. Amma sai ranar da gari ya bushe, kuma in farin ya yi zurfi wani lokaci sai an kankare.

Hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, laima ba ta da ƙarfi, amma ƙura ta ishe ka. Fentin ma yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar maka jiki mai kaushi. Ga katakon kansa, in bai bushe da kyau ba tun farko, zai iya tsagewa. Bazara, Maris da Afrilu, zafin rana ya yi yawa, sai dai da sassafe a inuwa.

Ni dai na fi samun natsuwa a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba. Amma ba kowace shekara take zuwa daidai ba, kuma ya danganta da irin fentinka da wurin aikinka. In dole sai da hunturu, yayyafa ruwa kaɗan a ƙasa ƙura ta kwanta, ka rataye jitar da waya, ka kewaye ta da gidan sauro, ka bar hanyar da tururi zai fita.

Sai na goge katakon kafin feshi?

Har wannan ma tambaya ce? Sanfefa 220, sannan 320, bin tsawon katako. In maɗaci ne, ƙofofin jikinsa a buɗe suke, cike su tukuna, in ba haka ba fentin zai yi ta nutsewa.

Ina zan rufe kada fenti ya taɓa?

Allon da yatsu ke dannawa, da gurbin da za ka manna gadar tsirkiya. Gam ba ya kama fenti da kyau. Salatif na takarda ya isa.

Yaushe zan goge ta yi sheƙi in ɗaura tsirkiya?

Bayan mako 3 zuwa 4, ba kwana 3 ba. Wani yaro ya kawo min tasa daga Samaru, shatin zanen da ya naɗe ta da shi duk ya fito a bayanta, har yau abin yana min ciwo. Shinshina ta, in kana jin warin tina ba ta ƙosa ba. In ta ƙosa, sanfefa da ruwa, 800 har zuwa 2000, a hankali a gefuna don nan fenti ya fi siranta, sannan man goge mota da tsumma mai laushi.