Kuɗin tallafin kwamfaila: a biya ko a haƙura?

Me mutum yake saya idan ya biya?

Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya abin da ka rubuta da yaren C zuwa umarnin da maikurokwantirola, wato ƙaramin guntun lantarki da ke sarrafa na'ura, ke ganewa. Kamfanoni irin su IAR na ƙasar Suwidin, da Keil wanda Arm ta saya a 2005, suna sayar da lasisi, sannan ga kuɗin shekara-shekara. Abu biyu wannan kuɗin ke ba ka: sabbin fitowar manhajar, da injiniyan da zai amsa idan ka kai kuka. A ganina na farkon ne ya fi tsoka.

Idan shirina ya ƙi aiki, ba za su gyara min ba?

Ba lallai ba. Hurumin su kwamfaila ne, ba shirinka ba, kuma sau tari laifin ba nata ba ne. Mutum zai ajiye wani adadi da intarof (ɗan aikin da ke katse babban shiri idan wani abu ya faru) ke canzawa, ya manta bai sa masa `volatile` ba, kalmar da ke gaya wa kwamfaila adadin na iya canzawa a kowane lokaci. Yana kunna tsarin da kwamfaila ke matse shiri don ya yi sauri ko ya rage girma, sai komai ya tsaya cak, fitilar allon ta daina ƙiftawa. Kwamfaila ta ɗauka babu mai taɓa adadin, ta daina leƙa shi. Amsar wannan layi ɗaya ce, bai kamata ka biya dala a kanta ba. Wani lokacin ma matsalar na cikin takardar kurakuran da masu ƙera guntun ke fitarwa kyauta.

To, wa ya kamata ya biya?

Wanda kayansa za su shiga kasuwa da yawa, ko rai ya rataya a kansu. Mai ƙera na'urar mota da ake auna shi da ƙa'idar ISO 26262, ko kayan masana'anta a ƙarƙashin IEC 61508, yana buƙatar kwamfaila mai takardar shaida da kamfanin da zai ɗauki alhaki. Kwamfaila kan yi kuskure na gaske, kuma ranar da hakan ta faru layin ƙira na jira, kuɗin shekarar ba komai ba ne.

Ɗalibi mai aikin kammala karatu fa?

Ya riƙe kuɗinsa. Allon Arduino Uno da guntunsa ATmega328P suna tafiya da kwamfailar avr-gcc kyauta, manhajar STM32CubeIDE ta guntayen STM32 kyauta ce, kwamfailar XC8 ta kamfanin Microchip ma akwai ta kyauta.

Idan na daina sabuntawa, kwamfailar za ta mutu?

Ya danganta da lasisin. Na dindindin zai ci gaba da aiki, sai dai ba zai san sabbin guntaye ba. Na haya kuwa yana ƙarewa da wa'adinsa, don haka karanta yarjejeniyar kafin ka tura kuɗi.