Kalmar "news" ba daga kusurwoyin duniya huɗu ta fito ba

An daɗe ana yaɗa cewa kalmar Turanci "news", wato labarai, an haɗa ta ne daga haruffan farko na North, East, West da South, wai don labari kan zo daga arewa, gabas, yamma da kudu. Zancen yana da daɗin ji, amma ba shi da tushe.

Kalmar jam'in "new" ce, wato sabo. Asalin ma'anarta sababbin abubuwa, kamar yadda Faransawa ke cewa "nouvelles". Tun ƙarni na 15 Turawan Ingila ke amfani da ita da ma'anar labari, kuma a da sukan rubuta ta "newes" ko "newys". Haruffa biyar ke nan, to ina kusurwa ta biyar?

Ƙirƙirar kalma daga haruffan farko kuwa sai a ƙarni na 20 ta yaɗu a Turanci. Misali "radar", sunan na'urar gano jirage daga nesa, daga "radio detection and ranging", kalmar da sojojin ruwan Amurka suka ƙirƙira a 1940.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne nahawu. Duk da harafin "s" na ƙarshe, yau tilo ake ɗaukar kalmar: "the news is good" ake cewa, ba "are" ba. Labari guda kuma "a piece of news" ne, ba "a news" ba.