Dokar Indiya kan masu kasa kaya a bakin titi: wa take karewa?

A yawancin manyan birane, mai kasa kaya a bakin titi yana zaune ne bisa alfarma. Yau a karɓi na goro a ƙyale shi, gobe a zo da mota a kwashe teburinsa. Indiya ta yi ƙoƙarin sauya wannan da dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Mayu, 2014, wadda ta ɗauki sana'ar a matsayin halastacciyar hanyar neman abinci. Tun a 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce tsarin mulki ya ba mutum 'yancin yin kasuwanci a gefen hanya, muddin an tsara shi.

Ginshiƙin dokar kwamiti ne da kowane gari zai kafa, wanda kwamishinan birni ke shugabanta. Aƙalla kashi 40 cikin 100 na mambobinsa masu sana'ar ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, kuma kashi ɗaya cikin uku na waɗannan mata ne. Kwamitin zai ƙidaya masu kasa kaya aƙalla sau ɗaya a shekara 5, ya ba su takardar shaida. Kafin a gama ƙidayar a raba takardun, doka ta hana a kori kowa.

Ko mai takarda ana iya tashinsa, amma sai an ba shi wa'adin kwana 30. In ya ƙi tashi bayan wa'adin, tarar ba ta wuce rupi 250 a kowace rana. In an ƙwace kaya, dole a rubuta masa jerin abin da aka ɗauka. Kayan da ke lalacewa a mayar masa a ranar da ya nema, sauran kuma cikin kwana biyu na aiki. Wannan sashe ƙarami ne a takarda, amma mai sayar da kayan gwari ya san kwana biyu a hannun jami'ai daidai yake da karyewar jari.

Inda rigimar take shi ne adadi. Dokar ta ce a ba masu sana'ar gurbi har kashi 2.5 cikin 100 na yawan mutanen unguwa ko gari. In sun fi haka, a yi ƙuri'a, sauran a kai su yanki na kusa. Mumbai tana da mutum kusan miliyan 12.4 a ƙidayar 2011, wato guraben za su haura dubu 300. Amma ƙidayar masu kasa kaya da hukumar birnin ta yi a 2014 ta tsaya wajen dubu 99, daga baya kuma aka tankaɗe mafi yawansu saboda rashin takardu. Wanda ya je ƙauye ranar ƙidaya, ko ba shi da shaidar zama a jihar, ya koma hannun masu karɓar na goro mako-mako. A ganina nan ne siyasar take: masu shaguna da ƙungiyoyin mazauna unguwanni sun fi son jerin ya gajarta, kuma su ne muryarsu ta fi isa ofis.

Dokar ba ta shafi filayen hukumar jiragen ƙasa ba, alhali nan ciniki yake. Bayan turmutsutsun da ya kashe mutane a gadar tashar Elphinstone da ke Mumbai a 2017, Babbar Kotun Bombay (tsohon sunan Mumbai) ta hana kasa kaya cikin mita 150 daga tashoshin jirgin birnin.